Wutar daji a Damagaram: wadda ake iya kashewa da wadda sai dai a kauce mata

Shekarar da damina ta yi albarka a arewacin jihar Damagaram, ita ce shekarar da hankalin makiyayi ba ya kwanciya da zarar kaka ta kama. A shekarar fari ciyawa takan fito ne jefi-jefi, nan kaɗan can kaɗan, ta yadda ko wuta ta tashi ba ta yin nisa sai ta iske fako ta mutu da kanta. Amma idan ruwa ya sauka yadda ya kamata, irin na daminar 2024 da ya kai har ga rushe tsohon masallacin unguwar Birni ta birnin Zinder a cikin watan Satumba, sai karangiya da burburwa su haɗe daga wannan tudu zuwa wancan, su shimfiɗu kamar tabarma ɗaya daga ƙasar Belbeji zuwa Tanut, daga arewacin Gure zuwa Tasker. Ciyawar da dabba za ta ci har bazara ita ce kuma abincin wuta, kuma babu yadda za a yi a samu ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Mutumin birni yakan ji an ce wuta ta cinye hekta dubu kaza a daji, sai ya ɗauka ba a yi asarar komai ba tunda ba gida ba ne ya ƙone, ba kuma kasuwa ba. Lissafin masana kiwo ya nuna akasin haka. Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar kimanin kilo 6 da kwata na busasshiyar ciyawa a kowace rana, wato kusan tan 1.7 a cikin watanni tara na rani. A ce hekta ɗaya ta ba da tan ɗaya na ciyawa, a kuma tuna cewa abin da dabba ke iya ci daga ciki bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, domin sauran rana da iska da gara da kofato ne ke gamawa da shi. Ke nan wutar da ta lashe hekta 10,000 ta ƙone cimar shanu kusan 2,000 ta tsawon rani guda, kuma a ranar da iska ta tashi irin wannan fili ba ya ɗaukar wuta fiye da yini ɗaya. Rumbun manomi yana tsaye a bayan gida inda idonsa yake kai, shi kuwa makiyayi rumbunsa a shimfiɗe yake a daji, ba ƙofa ba mai gadi.

Kafin a yi maganar kashe wuta ko kwashe jama'a, ya kamata a fahimci abin da ke sa wata wutar ta zama ta wasa, wata kuma ta gagari kowa. Abubuwa uku ne ke haɗuwa: abin da zai ƙone, yanayin ranar, da kuma yadda ƙasar take. Masu wannan aiki a ƙasashe da dama suna da wani ma'auni mai sauƙin riƙewa, cewa idan zafi ya haura digiri 30, danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, iska kuma tana gudun fiye da kilomita 30 a awa, to ranar ta zama mai hatsari. A Turai irin wannan rana baƙuwa ce da ake shelarta a gidajen rediyo. A wurinmu kuwa, da zarar iskar hunturu ta fara busowa daga arewa maso gabas, danshi yakan sauka ƙasa da kashi 20, kuma a watannin Oktoba da Nuwamba, sannan daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, zafin rana ma yana cika sharaɗinsa. Abin da ya rage kawai shi ne ƙarfin iskar, wanda yakan tashi da hantsi ya kuma lafa da dare.

Ciyawa ta bambanta da itace ta wata fuska mai muhimmanci. Gungumen itace yana ɗaukar makonni kafin ya bushe, ita kuwa siririyar ciyawa tana bin yanayin iska cikin awa guda, shi ya sa filin da ya ƙi kamawa da asuba yake kamawa kamar an zuba masa fetur da azahar. Binciken da aka yi a Ostireliya ya nuna wutar ciyawa tana iya gudun kilomita 20 a awa har ma fiye idan iska ta yi ƙarfi, gudun da babu mutumin da zai iya riƙe shi na minti goma a cikin rairayi, balle mace mai goyo ko tsoho mai sanda. Idan kuma ta sami hawa, saurinta yana ninkawa a duk digiri 10 na gangare, domin harshenta yana kwantawa a kan ciyawar da ke gabansa ya gasa ta tun kafin ya iso. Wanda ya ga wuta ya ruga ya hau tudu don ya tsira, ya zaɓi hanyar da ta fi sauri a kanta.

Wuta tana da kai, tana da gefuna biyu, tana da gindi. Kan shi ne inda iska take tura ta, nan ne harshe ya fi tsawo, gudu ya fi yawa. Gindin kuwa yana ci ne a hankali yana komawa baya, har yaro yana iya tsallake shi. Hatsarin da ya fi kashe masu kashe wuta a ko'ina cikin duniya shi ne juyawar iska. Wutar da ta yi tafiyar kilomita 15 tana da siririn kai da dogayen gefuna, amma idan iska ta karkata, sai gefen nan mai tsawon kilomita 15 ya zama shi ne kai gaba ɗaya, mutanen da suke bugunsa cikin natsuwa su tsinci kansu a gabansa. Guguwar da ke tashi a tsakiyar rana ita ma tana ɗaukar tartsatsi ta jefa shi can gaba, ta haifi sabuwar wuta a bayan mutanen da suke zaton suna gabanta ne.

A nan ne ake zuwa ga iyakar abin da ƙarfin mutum yake iyawa, kuma ina ganin wannan iyaka ce ba mu cika son faɗa wa juna ba. Ƙa'idar da ake koya wa masu kashe wutar daji ita ce, idan harshen wuta bai wuce mita ɗaya da ƴan kai ba, wato bai wuce ƙirjin mutum ba, ana iya tunkararsa da kayan hannu. Daga nan zuwa kusan mita biyu da rabi sai da motocin ruwa da manyan injuna. Abin da ya haura haka kuwa ba a tsayawa gabansa, ko da me aka zo, domin hucinsa kaɗai yana ƙona fata tun daga nesa, hayaƙinsa kuma yana shaƙe mutum kafin harshen ya taɓa shi. Kayan aikinmu a daji sanannu ne, ɗanyen reshe da jiƙaƙƙen buhu da shebur da rairayi, kuma suna aiki ƙwarai idan aka faro daga gindi aka bi gefuna ana matse wutar, musamman da dare ko da asuba lokacin da iska ta kwanta. Abin da ba sa iyawa shi ne tare kan wuta da rana tsaka, kuma jarumtakar da ke sa samari su yi hakan ita ce take mayar da asarar ciyawa ta zama asarar rai. Akwai dabarar cinna wata wutar a gaba domin ta cinye ciyawar da babbar za ta ci, su haɗu su mutu tare, amma wannan aiki ne na wanda ya san iska, yana kuma da layin da aka share ciyawarsa wanda zai jingina da shi. A hannun wanda bai iya ba, wuta ɗaya ce take komawa biyu.

Duk lokacin da aka yi babbar gobara sai an ji masu cewa da gwamnati ta sayo jiragen yayyafa ruwa da ba a kai ga haka ba. Ya kamata masu wannan magana su dubi abin da ya faru a birnin Los Anjelas na Amurka a watan Janairun 2025, inda iska ta yi ƙarfin da ya tilasta aka sauke jiragen a daren farko, wuta ta cinye gine-gine fiye da 16,000, mutane kimanin 30 suka rasu, a wurin da ba a rasa kuɗi ko kayan aiki ba. A Kanada kuma, a shekarar 2023, hekta kusan miliyan 15 suka ƙone duk da ma'aikatan da aka ɗebo daga ƙasashe da yawa. Jirgi yana taimaka wa mutanen da ke ƙasa ne a ranar da wuta take da sauƙi, kuma yana buƙatar tabki ko teku kusa da zai riƙa ɗiban ruwa. Jihar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita kusan 150,000, inda ake jan ruwa da raƙumi daga rijiya mai gaba da yawa, ba ta da wannan gata. Ko motar ƴan kwana-kwana da za ta taso daga Zinder zuwa Tanut, tafiyar kilomita kusan 150 ce a kan kwalta kafin ta sauka cikin rairayi, alhali wutar ba ta jiran kowa.

Saboda haka babban aikin yana faruwa ne kafin a ga hayaƙi, kuma shi ne sharar tare wuta da jami'an gandun daji suke jagoranta kowace shekara. Ana share dogon layi mai faɗin mita 15 zuwa 20, a kankare ciyawar da manjagara ko a ja ƙaya ko ƙarfe a bayan dabba ko tarakta, har sai ƙasa ta fito fili, kuma ana gitta layin ne ga hanyar iskar hunturu domin ya raba daji gida-gida. Layin ba ya hana wuta tashi, kuma a ranar iska mai tsanani tartsatsi yana iya tsallake shi. Amfaninsa shi ne yana rage mata gudu, yana ba masu kashewa wurin tsayawa, yana kuma zama hanyar da mota ko moto za su bi. Galibi ana yin aikin ne ta tsarin biyan mutanen yankin kuɗin aikin yini, abin da ke sa wasu samari su fasa tafiya cin rani, ciyawar da aka tara kuma ana iya adana ta ko a sayar.

Matsalar sharar nan ita ce lokaci. Ba a yinta da wuri sosai, domin ciyawar da aka share tana ɗanya za ta sake tohowa idan aka sami ruwan ƙarshe. Ba a kuma jinkirta ta, domin wutar farko takan zo ne da zarar ciyawa ta bushe. Tsakanin waɗannan biyun ƴan makonni ne kawai, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, kuma a daidai lokacin ne hannuwa suke gona wajen girbin gero da roron wake. Idan takardun neman kuɗi suka fara yawo daga ofis zuwa ofis a watan Oktoba, kuɗin ya fito a Disamba ko Janairu, an yi aikin ne don cika rahoto, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ga shi kuma shara ba rijiya ba ce da za a gina sau ɗaya a huta, kowace damina tana shafe ta. A ganina kuɗin wannan aiki ya kamata ya zauna a cikin kasafin kowace ƙaramar hukuma ta yankin kiwo tun farkon shekara, a kuma yanke yawan kilomitocin da za a share tun a watan Agusta, lokacin da kowa ya riga ya ga irin ciyawar da ta fito.

Kusan duk wutar da ke tashi a dajinmu hannun mutum ne, kuma yawanci ba da gangan ba: garwashin shayi da aka tashi aka bari, wutar girki da iska ta kwasa, guntun sigari daga tagar mota, masu farauta da masu ɗiban zuma, wani lokaci ma tartsatsin bututun hayaƙin mota a cikin doguwar ciyawa. Dokar gandun daji ta 2004 da dokar kiwo ta 2010 sun tanadi yadda za a kare makiyaya, kuma wanda ya jawo gobara yana fuskantar hukunci. Hukunci yana da amfaninsa, sai dai yana da wani gefe da ba a cika dubawa ba. Minti goma na farko su ne lokacin da mutum biyar za su iya kashe abin da mutum ɗari biyar ba za su iya ba bayan awa ɗaya, kuma wanda ya fi kowa sanin wuta ta tashi shi ne wanda ta kuɓuce wa. Idan abin da yake jira shi ne tara da ɗauri, sai ya kaɗa dabbobinsa ya yi nisa ya yi shiru. Ya kamata a bambanta tsakanin wanda ya yi kuskure ya yi kururuwa da wanda ya yi kuskure ya gudu, kuma a sanar da wannan bambanci a kasuwanni da bakin rijiyoyi. Neman mai laifi cikin fushi shi ma wata gobarar ce. A Aljeriya, lokacin wutar yankin Tizi Wuzu a watan Agustan 2021, wadda ta kashe mutane kimanin 90 har da sojoji fiye da 25, taron jama'a ya kashe wani saurayi bisa zargin shi ya cinna ta, alhali taimako ne ya kawo shi garin. A wurin da Fulani da Buzaye da Tubawa da Larabawa da Hausawa manoma suke shan rijiya ɗaya, zargin da aka jefa wa ƙabila guda yana daɗewa fiye da toka.

Ganin wuta daga sama ya daina zama matsala. Taurarin ɗan'adam na hukumar NASA suna nuna wuraren da ke ci a kowace rana tun farkon shekarun 2000, kuma cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana bibiyar ciyawa da gobara a ƙasashen Sahel. Abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin allon kwamfuta a Yamai da rugar da ke bayan tudu inda salula ba ta kamawa, kuma wannan tazara har yanzu ɗan moto da rediyon karkara ne suke cike ta.

Maganar kwashe jama'a kuwa, darasinta an biya shi da rayuka a wasu ƙasashe, kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina. A Fotugal, a watan Yunin 2017, mutane 66 suka rasu a gobara ɗaya, 47 daga cikinsu a kan hanya guda, cikin motoci ko kusa da su, suna ƙoƙarin gudu. A garin Mati na Girka, a watan Yulin 2018, fiye da mutum 100 suka mutu, aka iske 26 a fili ɗaya sun rungumi juna, taku kaɗan tsakaninsu da teku. A watan Nuwamba na wannan shekarar wuta ta shafe garin Paradise a Kalifoniya ta kashe mutum 85, hanyoyin fita suka cushe da motoci. A garin Lahaina na tsibirin Maui a jihar Hawai ta Amurka, a watan Agustan 2023, mutane kimanin 100 suka rasu, ba a kuma kaɗa jiniyar gargaɗi ba. Sai a kwatanta da garin Fort McMurray na Kanada, inda a watan Mayun 2016 aka fitar da mutum kusan 88,000, gidaje kimanin 2,400 suka ƙone, amma wutar kanta ba ta kashe kowa ba. Ostireliya ta daɗe tana ba mutanenta zaɓi, ko su tsaya su kare gida ko su fita da wuri, har zuwa ranar 7 ga Fabrairun 2009 da mutum 173 suka mutu, fiye da rabinsu a cikin gidaje. Bayan haka ne aka ƙaro wani mataki na gargaɗi, na ranar da ake gaya wa kowa cewa babu gidan da aka gina don ya jure mata. Abin da ya haɗa waɗannan labarai shi ne cewa mafi munin zaɓi shi ne na tsakiya, wato mutum ya tsaya yana kallo har sai ya ga harshen wuta sannan ya ce zai gudu.

Ba za a ɗauko tsarin waɗancan ƙasashe a dasa shi a Tasker yadda yake ba. Mu ba mu da cunkoson motoci a daji, amma muna da abin da ya fi shi wuyar warwarewa, wato dabbobi. Baturen da aka ce ya fita yana barin gidan da ke da inshora, ya ɗauki takardunsa ya shiga mota. Makiyayin da aka ce ya fita ya bar garke, an ce masa ne ya bar abincinsa da sadakin ɗansa da gadon ubansa da sunansa a cikin dangi, kuma ba zai yi ba, ko gwamna ne ya zo da kansa. Duk shirin kwashe jama'a da bai fara da tambayar ina za a kai dabbobi ba, a takarda zai tsaya. Garke kuwa ba ya tashi cikin minti biyar. Shanu da raƙuma suna iya gudu idan sun sami hanya, amma tumaki sukan cure wuri ɗaya idan sun firgita, maruƙa suna ɗaure a turke, jakuna da raƙuma da yawa suna da dabaibayi a ƙafa. Sau da yawa kuma a tsakiyar rana, lokacin da wuta ta fi gudu, maza suna can bakin rijiya ko wajen kiwo, waɗanda suka rage a ruga mata ne da ƙananan yara da tsofaffi, su ne kuma za su kwance bukka su ɗaura kaya a kan jaki. Wannan ya sa gargaɗin da zai yi amfani a nan dole ya riga na Turai isowa da awanni, ba da mintoci ba.

Sai dai muna da wata dama da su ba su da ita. Wutar ciyawa ba ta daɗewa a wuri ɗaya, tana wucewa ne cikin ɗan lokaci, kuma ba ta iya taka inda babu abin ci. Kewayen kowace babbar rijiya ko tashar famfo, inda kofato ya tattake ƙasa ta zama fili, mafaka ce da dabbobi suka share da kansu. Haka fako, da busasshen tabki, da tudun rairayin da ba ya da ciyawa, da mahaɗar layukan shara idan an faɗaɗa ta. Mafi aminci duka shi ne wurin da wutar ta riga ta cinye. A shekarar 1949, a wani kwari na jihar Montana ta Amurka, wuta ta rutsa da ayarin masu kashe gobara, shugabansu ya cinna wa ciyawar da ke gabansa ashana ya kwanta a cikin tokar ya tsira, mutum 13 kuma suka mutu, yawancinsu suna gudu suna hawa tudu. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce ba lallai ne a kai mutane gari mai nisa ba. Abin da ake buƙata shi ne kowace ruga ta san filin da za ta nufa tun ranar da ta sauka, ta san cewa ana kauce wa wuta ne ta gefe, ana gitta iska, ba a miƙewa a gabanta, a kuma share kewayen bukkoki kamar yadda ake share kewayen masussuka. A ranar da iska ta tashi da ƙarfi tun safe, hikima ce a kwance dabaibayi, a bar babban mutum ɗaya a gida, a kuma kashe wutar girki da zarar an sauke tukunya.

Wa zai ba da umarnin tashi? A takarda akwai gwamna da perefe da shugaban ƙaramar hukuma, amma wanda maganarsa take tayar da ruga shi ne arɗo ko shugaban ƙungiyar makiyaya ko maigari, kuma shi ma yana da abin tsoro. Idan ya ce a tashi, aka sha wahala, aka ɓatar da ƴan awaki a hanya, sannan iska ta juya wutar ba ta zo ba, gobe ba wanda zai saurare shi. Idan ya yi shiru ta zo, har abada da sunansa za a riƙa ba da labarin. Hanyar rage wannan nauyi ita ce a raba gargaɗin gida biyu, kuma a amince da shi tun kafin lokaci a gaban kowa. Na farko shi ne na shiri, da zarar an hango hayaƙi ta inda iska take fitowa: a tattaro dabbobi, a ɗaura kaya, a tura masu rauni gaba. Na biyu shi ne na tashi. Idan jama'a da kansu suka yarda cewa tashin banza sau uku ya fi makara sau ɗaya, shugaban ya sami bayan da zai jingina, hukuma kuma aikinta shi ne ta tsaya masa ranar da hasashensa bai faɗa daidai ba.

A kudancin jihar, ƙasashen Mirya da Matamaye da Magarya, hoton ya sauya. Gonaki sun cinye daji, saboda haka doguwar wuta ba ta samun hanya, amma garin kansa shi ne abin ƙonewa: darnin kara, zana, rufin bukka, rumbuna a jere, ga karan dawa da harawa da aka tara a kan rumfa don dabbobi. Tartsatsi ɗaya a ranar hunturu yana iya bin darni daga wannan gida zuwa wancan har ya fita ƙarshen gari. Wanda yake shakkar saurin busasshen kara ya tuna azuzuwan zana da suka kama a Yamai a watan Afrilun 2021 da kuma Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, inda kowanne ya ci rayukan yara 20 ko fiye. A irin waɗannan garuruwa kwashe jama'a yana nufin a san wa zai ɗauki makaho da gurgu da jariri, a fitar da su gonar da aka riga aka girbe ta gefen iska, a kuma hana mutum komawa ciki don ɗauko buhu. Nisanta rumbuna daga gidaje da kuma daga junansu shi ne sharar tare wuta ta ƙauye. Ga kuma gawo da sauran itatuwan da manoman wannan yanki suka raya a gonakinsu tun daga shekarun 1980, aikin da ya sa ake zuwa daga nesa don a gani, wanda ƙaramar wutar sassabe da ta kuɓuce take iya kashe masu tasowa daga cikinsu.

Abin da ke biyo bayan gobara yana da hannu a kan yadda mutane za su yi a gobara ta gaba. Garken da makiyayarsa ta ƙone a watan Nuwamba dole ya motsa, ko dai ya je ya cunkushe a rijiyar wasu, ko ya gangaro kudu ya tsallake iyakar noma da dokar 1961 ta shata, tun kafin ranar da hukuma take buɗe gonaki ga dabbobi, lokacin da wake da dawa ba su gama shiga rumbu ba. Rikicin da za a kai gaban hakimi a ƙasar Damagaram Takaya yana iya kasancewa ya faro ne daga garwashin da aka bari kilomita 100 a arewa. Farashin dusa da ƙwayar auduga yana hawa, na dabba yana faɗuwa saboda kowa yana son ya rage, kuma mai shanu goma yana jin wannan fiye da mai ɗari. Makiyayin da ya san cewa idan ciyawarsa ta ƙone akwai rumbun abincin dabbobi da zai saya a farashi mai sauƙi, akwai kuma wurin da aka amince ya sauka, zai fi saurin jan iyalinsa gefe ya bar wutar ta wuce. Wanda bai da wannan tabbaci kuwa zai karyo reshe ya tsaya a gabanta, da shi da ƴaƴansa.